Haɗa kwantirolar sola a motar kwana: shawarwari 27 da za su tsare maka batir da aljihu

A Turai da Amurka da Ostareliya mutane da yawa kan sayi ƙaramar bas, su cire kujerun baya, su sa gado da ɗan wurin girki, su ɗora faifan sola a rufi, su kama hanya. A wajenmu ma akwai masu kwana a mota, kamar 'yan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye mako-mako da direbobin doguwar tafiya. Buƙatar kowa ɗaya ce: fitila, fanka, cajin wayar hannu, wani lokaci da ƙaramin firji. Wayarin bolt 12 da ake yi a mota shi ne dai ake yi a ƙaramin shago ko ɗaki guda, don haka ko ba ka da mota, yawancin abin da ke nan zai yi maka amfani.

Tsakanin faifai da batir akwai ɗan akwatin da ake kira kwantirola. Ita ce mai gadin batir: tana barin wuta ta shiga gwargwadon buƙata, ta rage ta idan ya cika, ta hana ta komawa faifai da dare. Batir ya fi komai tsada a cikin kayan nan, kuma yawancin abin da ke kashe shi ana iya kauce masa da kuɗi kaɗan da natsuwar yini guda. Ga yadda za ka bi aikin daki-daki.

1. Fara da biro da takarda kafin ka je kasuwa.
Rubuta duk abin da za ka kunna, wat nawa yake ci, awa nawa zai yi a kunne, sannan ka ninka. Misali, ƙwan fitila 3 masu wat 5 na tsawon awa 5 sun ci wat-awa 75, fanka mai wat 15 ta awa 8 ta ci 120, cajin wayoyin hannu 4 kusan 60, jimilla 255 a rana. Wannan lambar ce za ta faɗa maka girman kayan da kake buƙata, ka shiga shago da sanin abin da ka zo saye.

2. Auna batir da faifai da lissafin nan.
Batir mai 100Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na ruwa ne ko jel ko AGM, rabi kawai ya kamata ka taɓa, wato 600. Faifai mai wat 100 kuma, idan ka ƙiyasta masa awa 5 na rana mai ƙarfi, ka cire kusan kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da waya, zai ba ka wajen 350 a yini. Wannan ya ishi fitila da fanka da caji, amma da zarar firji ya shigo lissafi, sai ka ninka faifan.

3. Kada ka jingina kayanka a kan batirin tada mota.
An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi injin ya tashi, ba don a riƙa zuƙarsa a hankali dare guda cur ba. Idan ka mayar da shi batirin fanka, ba zai yi nisa ba, kuma wata safiya sai an nemo masu tura mota. Sayi batir na biyu irin na sola, wanda aka yi shi don ya sauka ya sake cika kullum.

4. Idan kana son injin ya taya ka caji, sa abin raba batiran.
Akwai rile da ke haɗa batiran biyu idan injin na aiki, ya raba su da zarar ka kashe mota, don haka fitilarka ba ta taɓa batirin tada mota. Idan batirinka na biyu litiyam ne, sai ka nemi cajar DC zuwa DC a maimakon rile, saboda litiyam na iya jan wutar da za ta gasa altanetar motar. Kebul ɗin da ke tsakanin batiran yana buƙatar fiyus a kowane ƙarshensa, domin wuta na iya zuwa ta ko'ina.

5. San bambancin PWM da MPPT.
Kwantirola irin PWM ta fi araha, kuma aikinta shi ne ta jona faifai da batir kai tsaye, ta jawo bolt ɗin faifan ƙasa ya daidaita da na batir. Irin MPPT kuwa tana karɓar rarar bolt ta mayar da ita ƙarin amfiya, don haka kusan duk ƙarfin faifan yake isa batir. Idan faifanka ƙarami ne mai ba da bolt 18, PWM mai kyau ta wadatar, babu dalilin matsa wa aljihu.

6. Babban faifai irin na gida sai da MPPT.
Manyan faifan nan masu wat 400 zuwa sama suna aiki ne a bolt 30 zuwa 40 da wani abu. Idan ka jona irinsu da PWM a kan batir mai bolt 12, fiye da rabin ƙarfinsu ya tafi a banza, ka biya kuɗin babba kana cin moriyar ƙarami. In babban faifai ka samu da rahusa, ka sa kuɗin MPPT a cikin lissafin tun farko.

7. Juya faifan ka karanta takardar da ke manne a bayansa.
Nemi lambar da aka rubuta Voc, ita ce bolt mafi yawa da faifan ke bayarwa idan ba a jona shi da komai ba, a kan ƙaramin faifai mai wat 100 za ka ga wajen 22. Kowace kwantirola tana da iyakar bolt da take ɗauka, kuma idan ka jera faifai biyu, jar wayar wannan a baƙar wayar wancan, bolt ɗinsu haɗuwa yake yi. Bar rarar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ƙasa da iyakar, domin sanyin safiyar hunturu yana ɗaga bolt ɗin faifai, kuma wuce iyaka sau ɗaya ya isa ya ƙona kwantirola.

8. Lissafa amfiyar kwantirolar.
In PWM ce, duba lambar Isc a takardar nan ka ninka ta da 1.25: faifai mai wat 100 yana da wajen 6, ka ga mai amfiya 10 ta isa. In MPPT ce, raba wat ɗin faifai da bolt ɗin batir: 200 a raba da 12 ya ba da kusan 17, sai ka ɗauki mai amfiya 20. Ka riƙa hawa zuwa lamba ta sama, domin kwantirolar da ke aiki a iyakar ƙarfinta kullum cikin zafi take.

9. Ɗauki kwantirolar a hannunka kafin ka biya.
Kasuwa cike take da masu rubutun MPPT a kwali alhali cikinsu PWM ne. Ta gaskiya tana da nauyi, saboda akwai naɗaɗɗiyar wayar tagulla a cikinta da faffaɗan ƙarfen sanyaya ta a baya, kuma kuɗinta ya ninka na PWM. Idan ka ji ta sakayau kuma farashin ya yi daɗi da yawa, ka tuna araha ba ta ado.

10. Zaɓar mata wuri kusa da batir, mai shan iska.
Kada tazararsu ta wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, domin kwantirola tana auna bolt ɗin batir ne ta wannan wayar, kuma doguwar waya tana sa ta ɗauka batir ya cika alhali da saura. Kafa ta a tsaye a jikin bango, ka bar mata sarari kamar santimita 15 sama da ƙasa. Nisanta ta da injin da tagar da rana ke bugawa, kuma kada a jibga mata bargo ko buhu a gaba.

11. Batirin ruwa yana son hanyar fitar da iska.
Lokacin caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi kaɗan ke iya tayar da ita, don haka kada ka kulle shi a akwati ɗaya da kwantirola ko inbata. Yi masa akwatinsa mai bututu ko huda da ke fita waje, ka ɗaure shi tam da ɗamara yadda birki ba zai wurgo shi ba. Idan a wurin kake kwana, rufaffen batir irin AGM ko jel ko litiyam ya fi kwanciyar hankali.

12. Kada ka yi rowa wajen kaurin waya.
A bolt 12 kowane ɗigo yana da daraja: amfiya 10 a tazarar mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ke nan, tana zubar da bolt 0.7 a waya mai 2.5mm, amma a mai 6mm kusan 0.3 kawai. Wannan bambancin ya isa ya hana batir cika, kuma abin da ya zube zafi yake zama a jikin wayar. Ga ƙaramin tsari, 4mm daga faifai da 6mm tsakanin kwantirola da batir farawa ce mai kyau, in tazarar ta ƙaru ka ƙara kauri.

13. Kankare bakin wayar ka ga cikinta.
Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla a sama, ido ba ya bambanta su sai an sa wuƙa. Kankare sili ɗaya a gaban mai shago: in ja ne har ciki tagulla ce, in fari ya bayyana ka ajiye masa kayarsa, domin tana ɗaukar wuta ƙasa da tagulla kuma tana saurin karyewa. A mota ka zaɓi waya mai silili da yawa mai laushi, don mai sanda ɗaya irin ta bangon gida girgiza tana tsinka ta.

14. Sa fiyus a jar waya, dab da kan batir.
Kada ya wuce kamar santimita 18 daga batir, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Idan jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir na iya turo ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi jajir, robarta ta kama wuta. Ga kwantirola mai amfiya 20, fiyus mai 25 ko 30 ya yi muddin wayar na iya ɗaukar hakan, kuma ka ajiye na canji a aljihun mota don kada wata rana a cusa guntun waya a gurbinsa.

15. Sa makunni tsakanin faifai da kwantirola.
Faifai ba shi da wurin kashewa, muddin akwai rana yana ba da wuta, don haka kana buƙatar hanyar yanke shi ba tare da hawa rufi ba. Sayi bireka wadda aka rubuta DC a jikinta, mai bolt sama da Voc ɗin faifanka. Birekar wutar gida ba ta dace ba, saboda tartsatsin wutar DC ba ya saurin mutuwa, yana iya narkar da cikinta.

16. Cire zobe da agogo, ka lulluɓe faifan.
Bolt 12 ba ya jan mutum, amma zobe ko sufana da ta haɗa kawunan batir biyu tana iya yin zafin da zai ƙona fata cikin ƙiftawar ido. Naɗe hannun sufanar da salatif, ka rufe kan batir ɗaya da tsumma yayin da kake aiki a ɗayan. Faifan kuma ka rufe shi da kwali ko bargo har sai ka gama.

17. Gwada kowace waya da mita kafin ka cusa ta.
Kada ka dogara da launi kawai, domin wanda ya yi ƙarin waya a rufi yana iya juya ja da baƙi bai sani ba. Sa mitar gwaji a kan DC, ka ɗora jan tsinkenta a wayar da kake zaton ita ce mai alamar +, baƙin kuma a ɗayar. Idan alamar ragi ta fito gaban lambar, a juye suke, sai ka gyara ka naɗa jan salatif a wadda ta dace.

18. Batir da farko, faifai daga baya.
A fuskar kwantirola za ka ga ramuka bibbiyu da zanen faifai, da zanen batir, da zanen ƙwan fitila, to ka fara da na batir. Daga batir take samun wutar da za ta farka, kuma daga gare shi take gane ko tsarin bolt 12 ne ko 24. Idan faifai ya riga shiga, wutarsa ba ta da inda za ta zuba, tana iya rikita kwantirolar ko ta lalata ta gaba ɗaya.

19. Faɗa mata irin batirinka kafin ka buɗe faifan.
Da zarar allonta ya kama, shiga saitin ka zaɓi na ruwa ne, ko jel, ko AGM, ko litiyam, domin kowanne da iyakar cajinsa. Yawanci na ruwa da AGM suna kaiwa wajen bolt 14.4, jel ƙasa da haka kaɗan, litiyam irin LiFePO4 kuma tsakanin 14.2 da 14.6, amma lambar da ke jikin batirinka ita ce gaba da kowace. Akwai wani caji mai ƙarfi na lokaci-lokaci da ake yi wa batirin ruwa don daidaita ɗakunansa, ka tabbata a kashe yake idan naka jel ne ko litiyam.

20. Ranar kwancewa, ka juya tsarin.
Kashe birekar faifai tukuna, sannan ka cire batir. Haka za ka yi ko da canza batir kawai za ka yi ko goge kawunansa, kuma ka sanar da bakanike kafin ya sa hannu. Mahaɗan nan na roba da ke bayan faifai, masu suna MC4, kada ka zare su ana cikin caji, domin tartsatsi yana cinye bakinsu.

21. Kada ka rataya inbata a ramukan da ke da zanen ƙwan fitila.
An yi su ne don ƙananan kaya kamar fitila da fanka da cajin wayar hannu, kuma amfaninsu shi ne suna yanke wuta da kansu idan batir ya yi ƙasa. Inbata mai wat 1,000 tana jan sama da amfiya 80 daga batir mai bolt 12, ramukan nan kuwa 10 ko 20 suke ɗauka. Jona ta kai tsaye da batir da gajeren kebul mai kauri da nata fiyus, firji ma ka ba shi layinsa daban.

22. Bincika kafin ka ɗaura baƙar waya a jikin mota.
A mota, ƙarfen jikinta shi ne hanyar dawowar wuta zuwa baƙin kan batir, shi ya sa ake sha'awar ɗaura kowace baƙar waya a noti mafi kusa. Amma ƙananan PWM da yawa ta ɓangaren baƙar waya suke kunnawa da kashewa, don haka idan baƙar wayar faifai ta taɓa jikin mota, ka tsallake kwantirolar ke nan, wuta za ta yi ta kwarara cikin batir ba mai tsayar da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kawo wayoyin faifai biyu da na fitila biyu har cikin ramukansu, ka bar baƙin kan batir kaɗai ya haɗu da jikin mota.

23. Bar iska ta ratsa ƙarƙashin faifan.
Faifai yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da zafinsa ya haura 25, rufin mota kuwa da azahar ba ya taɓuwa. Ɗaga shi da ƙafafun ƙarfe kamar yatsu uku ko huɗu, ka ɗaure da noti masu washa don iskar gudu kada ta ɗauke shi. Ka lura da inuwa ma, domin buhu ɗaya ko ƙarfen kariyar kaya da ya rufe gefe guda yana iya karya ƙarfin faifan fiye da yadda kake zato.

24. Toshe ramin rufi, ka sa roba duk inda waya ta ratsa ƙarfe.
Bayan ka huda, goge bakin ramin ya yi sumul, ka shafa fenti don tsatsa, ka sa murfin shigar waya da gam mai jure rana da ruwa. Bakin ƙarfe yana yanka robar waya a hankali a hankali da girgizar tafiya, shi ya sa zoben roba ko guntun tiyo yake da muhimmanci a kowace huda. Kafin wayar ta shiga ramin, ka bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, ruwan sama ya ɗige a nan maimakon ya bi ta zuwa kan gadonka.

25. Matse kawunan waya, ka sake ɗaurewa bayan mako guda.
A kan batir ka yi amfani da kan waya na tagulla da aka matse da kyau, ba murɗaɗɗiyar waya da aka naɗa a noti ba. A ramukan kwantirola, fere robar daidai zurfin ramin, ka ɗaure sukurun, sannan ka ɗan ja wayar ka ji ko za ta fito. Hanya mai gargada tana kwance sukuru, kuma haɗin da ya yi sako-sako zafi yake yi, don haka in ka taɓa ka ji ɗumi ko ka ga robar ta canza launi, ka gyara a ranar.

26. Koyi karanta lambobin da ke allon.
A rana mai kyau za ka ga bolt yana hawa daga 13 zuwa wajen 14.4, ya tsaya a nan na wani lokaci, sannan ya sauko wajen 13.6, alamar batir ya cika ke nan. Da asuba, bayan ya huta ba a jan komai, 12.7 na nufin batirin dalma (na ruwa, jel ko AGM) a cike yake, 12.2 kuma ya kai rabi, lokacin rage kaya ya yi. Idan kwana da kwanaki bai taɓa kaiwa 14 ba, ko faifan ya yi kaɗan, ko ƙura ta rufe shi, ko wata waya ta saki.

27. Ba kayan 'yan mintoci kowane mako, ka zana taswirarsu.
A lokacin hunturu ƙura tana kwanta wa faifai cikin 'yan kwanaki, sai ka wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Batirin ruwa ka riƙa duba shi kana ƙara masa tataccen ruwa kawai, ba asid ba, ka kuma nisanta shi da zafi, domin kowane ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin kwanan batirin dalma. Zana yadda wayoyin suka bi a takarda, ka rubuta girman kowane fiyus, ka manna a gefen kwantirolar don duk wanda zai taɓa bayanka.

Duk abin da aka lissafa a nan ɓangaren bolt 12 ne, wanda mai natsuwa zai iya yi da hannunsa. Da zarar maganar ta kai ga ja wutar inbata mai bolt 230 zuwa soket-soket a cikin mota ko ɗaki, kira ƙwararren mai gyaran wuta, domin wannan wutar tana kisa. Idan kuma kuɗin bai kai a sayi komai lokaci guda ba, ka ɗauki kwantirola mai ɗan girma da waya mai kauri tun yanzu, ka fara da faifai ɗaya, ka ƙara na biyu irinsa in hali ya samu. Batir ne kawai ba a yi wa ƙari daga baya, domin tsoho yana jawo sabo ƙasa, don haka ka sayi girman da kake buƙata tun ranar farko.